Finjalin Hajja Gambo

Ba zan tsaya ba ku labarin yadda na bar Zariya ba, don babu abin ji a ciki. Na shigo da bizar umra, na yi ɗawafina, na sha zamzam. Ranar da 'yan jirginmu suka kama hanyar gida, ni kuma na saɓi jakata na bi wani mutum zuwa Jidda. Shi ne ya ce akwai aikin asibiti yana jirana, da iƙama, wato takardar izinin zama, da kafili mai mutunci da zai tsaya mini. Shekara tara na yi a ƙaramin asibitin unguwarmu ina allura, ina awon jini, ina raba magani, saboda haka da ya ambaci asibiti ban yi masa musu ba. A kasuwar Bab Makka, cikin Jidda, ya ajiye ni, gefen masu sayar da yadi, ya ce in jira zai je ya kawo mota. Yau shekara huɗu ke nan ban ga motar ba.

Tun hantsi nake zaune a kan jakata har aka kira la'asar. Kuka bai zo mini ba, haushi ne ya cika ni, haushin kaina. Mace da 'ya'ya biyu, da furfura ta fara leƙowa, a ce an yi mata wayon da ko 'yar firamare ba za a yi wa ba. Ina cikin wannan hali wata doguwar mata ɗauke da ledar kayan miya ta wuce ni, ta dawo, ta tsaya a kaina.

"Baiwar Allah, ke ma mota kike jira?"

Na ɗaga kai na ce, "Yaya aka yi kika sani?"

"Nan wurin ni ma aka ajiye ni. Tashi mu tahi, motar ba ta zuwa."

Sunanta Mariyama, mutuniyar Damagaram. Ita ce ta saya mini ruwa da gurasa, ita ce kuma ta kai ni unguwar Ammariyya, gidan da na yi shekara biyu da rabi a cikinsa.

Tsohon bene ne mai hawa uku a cikin wani lungu da mota ba ta shiga sai da dabara. Wani attajiri ne ya bar shi wakafi saboda tsofaffin mata da ba su da kowa. Magadansa suna can wata unguwa, sau ɗaya suke leƙowa a shekara, cikin azumi, su raba dabino a ɗauke su hoto. Tsofaffi goma sha huɗu na tarar. Akwai 'yan Yaman, akwai 'yan Habasha, akwai wata 'yar Jawa da ba ta magana da kowa sai kyanwa, sannan Hausawa uku. Mai riƙe da gidan kuwa, wadda ake kira mudira, ita ce Abla Nafisa.

Dole in faɗi gaskiya a kan Abla, ko da ba na so. Ranar da ta fara ganina rungume ni ta yi. Haifaffiyar Jidda ce, kakanta ne ya zo daga Sakkwato, Hausarta tana tafe tana tuntuɓe da Larabci.

"Ahlan, 'yar uwa. Ke nas ce? Masha Allah! Nan gidanki ne, halas. Mu jini ɗaya ne. Iƙama kuma ki bar mini, wata biyu, uku, ma fi mushkila."

Ta ba ni abaya cikin nata. Da zazzaɓi ya kayar da ni a satin farko, da hannunta ta dafa mini romo ta kawo har shimfiɗata. Idan kewar 'ya'yana ta taso, ofishinta nake shiga in yi kukana, ta miƙo mini hankici, ta ce in kira ta yaya. Na kuwa kira ta. Da muguwa ce tun farko, da abin da ya faru bai ci ni haka ba.

A takarda, gidan yana da nas biyu da masu jinya uku. A zahiri mu uku ne. Akwai Sista, wata 'yar Indiya mai lasisi, ita ke riƙe da makullin magani. Akwai Mariyama, wadda take da iƙamar shara amma ita ce mai girki, mai wanki, mai wanke-wanke. Sai ni, da ba na cikin kowace takarda. Mu ke ɗaga tsofaffi, mu yi musu wanka, mu juya waɗanda ba sa iya juyawa, mu ba su abinci a baki. Kullum Abla tana cewa an kusa kawo ƙarin ma'aikata. Wata biyar da zuwana, maimakon a ƙaro, Sista ta haɗa kayanta. Ta gaji, bayanta ya ƙi, ta samu wani wurin. A bakin ƙofa ta danƙa mini makullin, ta haɗa Turanci da Larabci ta ce in kula da kaina a gidan nan. Na ɗauka ban kwana ne kawai.

Washegari na ɗauko takardar magani, wadda ake sa hannu a kai duk sa'ad da aka ba tsohuwa nata, na nemi biro. Abla ta zare takardar daga hannuna a hankali.

"La, la, ya Rakiya. Rubutunki ba zai shiga nan ba. In masu taftish suka gani za su ce wannan hannun waye?"

Taftish shi ne zuwan masu duba gidaje irin namu daga hukuma. Na ce mata to wa zai rubuta? Ta ce ita. Kuma haka aka yi. Duk ranar Alhamis sai ta zauna da shayinta ta cike sati guda cur a zama ɗaya, safe da rana da yamma, da sunan Sistar da ta riga ta tafi. Na ce, "Yaya, asibitinmu na Zariya rufinsa yoyo yake yi, amma ba a taɓa yin haka ba. Takardar nan ba ado ba ce. Ita ce ke hana a ba mutum magani sau biyu." Ta yi dariya ta ce ni da nake da kai kamar kwamfuta me zan yi da takarda.

Ni kuwa na san kaina. Mutum ɗaya, tsofaffi goma sha huɗu, wannan tana kira ta ɓata shimfiɗa, waccan ta zame a banɗaki, ka dawo ka tsaya kana tambayar kanka, shin na ba wance ko ban ba ta ba? Sau biyu hakan ta same ni a sati ɗaya. Sai na shiga kicin na kwaso finjalan gahawa guda goma sha huɗu. Na ɗaura wa kowanne zare mai launinsa a gindi, na jera su a tire bisa jerin gadaje. In lokaci ya yi in zuba wa kowace ƙwayoyinta a nata. Wadda ta sha, sai in kife finjalinta. Wanda ke a kife an gama da shi, wanda ke a buɗe da saura. Kowa a gidan ya san wannan, har kyanwar 'yar Jawa. Abla da kanta ta yaba, ta dafa kafaɗata ta ce wallahi Allah ne ya kawo mata ni.

Finjalin gadon farko a ɗakin farko yana da jan zare da ɗan ɓalli a baki. Na Hajja Gambo ne.

Hajja Gambo ba ta san shekarunta ba, amma ta haura tamanin. Tana yarinya iyayenta suka taso da ita daga wani ƙauye a ƙasar Kano, a ƙasa, ta Sudan, suna tafe suna noma a gonakin mutane, har suka tsallako teku. Ta yi wankau, ta sayar da gyaɗa a bakin makarantu, ta binne miji da 'ya'ya biyu a Jidda. Ba ta sake ganin Kano ba, amma da ta ji daga inda na fito sai ta tafa hannu.

"Bazazzagiya! Yau na shiga uku. Duk duniya a rasa wanda zai riƙe mini magani sai Bazazzagiya? Ke 'yar nan, kin iya ƙirga kuwa?"

Na ce, "Hajja, na iya. Mu ne ma muka koya wa Kanawa."

"Ji bakinta. To zo ki soke ni, ai dama kun daɗe kuna nema."

Ciwon suga ne da ita, mai ƙarfi. Kowace safiya ƙarfe bakwai ina yi mata allura a fatar ciki, in ba ta ƙwaya ɗaya, sannan dole ta ci abinci, in ba haka ba sugan ya faɗi ƙasa. Ita kuwa cin abinci yaƙi ne. Ba ta son ful, ba ta son gurasa, sai in na dama mata kunun tsamiya. Sau ɗaya ta yaudare ni ta zubar da kunun a bayan gado. Kafin azahar na same ta jiƙe da zufa mai sanyi, hannu yana rawa, tana kirana da sunan 'yarta da ta rasu. Da dabino na dawo da ita. Daga ranar na zauna na yi wa Abla da Mariyama bayani dalla-dalla, cewa allurar nan ita ke riƙe da Hajja, ita ce kuma za ta iya kashe ta in ta yi yawa.

Ba ta da haƙori ko ɗaya, amma ba ta rabuwa da goro. Tana da ɗan magogi na gwangwani a ƙarƙashin matashi, ta goga, ta zuba a tafin hannu, ta raba biyu ta miƙo mini rabi. Duk ranar da ta ga idona ya yi ja, ba ta tambayata komai. Sai ta matsa ta ce in zauna a bakin gadon in ba ta labarin Kano. Na ce mata sau uku kacal na taɓa zuwa Kano. Ta ce to in yi mata ƙarya mana, ai Zagezagi ba sa rasawa. Haka na riƙa gina mata Kano da bakina, tana gyara mini, ita da rabonta da garin shekara saba'in.

Maganar iƙama kuwa, wata uku ya zama shekara, shekara ta zama biyu. In na tambaya, Abla ta ce magada ne ba su sa hannu ba. In an yi taftish, tsarin a bayyane yake. Ana sanar da rana. Abla ta ɗauko hayar wata nas mai lasisi ta yini ɗaya, ta sa mata farar riga. Ni kuma in gama maganin safe da wuri, in fita ta ƙofar baya in tafi Bab Makka in yi ta zagaye har a kira ni. Sau uku muka yi haka lafiya lau.

Na huɗun ranar Talata ce. An ce ƙarfe goma za su zo. Bakwai da kwata, na gama ɗakin farko ke nan, tsofaffi uku, ina shirin dama kunu, sai ga Abla ta hawo bene da gudu, mayafi a hannu. Sun bugo waya suna bakin titi, suna tambayar lungun.

"Yalla, ya Rakiya, yalla! Ta baya!"

Na ce, "Yaya, tsaya ki ji. Ɗakin farko na gama. Finjali uku a kife. Hajja Gambo ta karɓi allura da ƙwaya, kunu kawai ya rage, a ba ta yanzu."

"Na ji, na ji."

Na kama hannunta, na riƙe. "Kin ji dai? Allura an yi."

Ta dube ni ido cikin ido ta ce, "Wallahil azim na ji. Fita."

Na fita. Na tafi Bab Makka da ƙafa, na zauna wurin wata 'yar Maraɗi mai sayar da daddawa da kuka, muka taɓa hira. Na sayi farin goro guda biyar manya, irin wanda Hajja ke so. Ina ɗaure ledar, wajen sha ɗaya, wayata ta yi ƙara. Mariyama ce, tana magana ƙasa-ƙasa daga kicin.

"Rakiya, an sake yi ma Hajja piƙir."

Allura take nufi. Na ce, "Wace allurar?"

Sai ta ba ni labari. Da na fita, Abla ta dubi tirena ta ce wannan ƙauyanci ba zai zauna a gaban baƙi ba. Ta juye ƙwayoyin, ta tsinke zarurrukan, ta sa Mariyama ta wanke finjalan a zuba wa baƙi gahawa. Nas ɗin haya ta iso, baƙi suka ce suna so su ga yadda ake raba magani. Nas ta buɗe takarda ta ga gurbin safiyar Talata babu komai, don ba a kai Alhamis ba, Abla kuma cikin gaggawa ta cike Litinin ta tsaya. Ta tambayi Abla a gabansu ko an ba wani. In Abla ta ce an bayar, za a ce wa ya bayar? Sai ta ce ba a fara ba.

"Hajja ta hwaɗa musu," in ji Mariyama. "Ta riƙe rigarta ta ce an yi mini, Bazazzagiya ta yi mini. Da Hausa ta hwaɗa. Nas ɗin ta tambayi Abla mi take cewa, Abla ta yi murmushi ta ce ruɗewar tsufa ce, kullum haka take ƙin magani."

"Ke kina ina?"

Ta ce, "Ina tsaye riƙe da tsintsiya. Ban iya buɗe baki ba, Rakiya. Allah ya yahe mini."

Kunun ma ba a ba ta ba. Yanzu tana kwance, an ce barci take yi, Mariyama ta taɓa ta ta ji jikin sanyi ƙalau. Ta gaya wa Abla, Abla ta ce a bari baƙi su tafi tukuna. Suna ƙasa a falo, ana duba fayil. Mariyama ta ce kada in zo, in gaya mata abin da za ta yi kawai. Na ce ta shafa mata zuma a dasashi, kada ta ɗura mata komai. Amma na san allura biyu da ƙwaya biyu a cikin da babu abinci sun fi ƙarfin zuma. Sai an sa mata ruwan suga ta jijiya, sai kuma likita ya san ainihin abin da ya shiga jikinta da lokacin da ya shiga. Mutum biyu ne suka san wannan. Ɗaya tana zuba gahawa.

Ba zan yi muku ƙaryar jarumta ba. Na tsaya a tsakiyar kasuwar nan, masu kura suna yi mini tsawa in kauce. Na tuna 'ya'yana biyu a wurin mahaifiyata, da makarantar da suke zuwa saboda ina nan. Na san in na shiga falon nan, zamana a ƙasar ya ƙare. Har na juya na yi taku kamar ashirin zuwa wajen masu yadi, ina ce wa kaina wataƙila zumar ta isa. Sai na ji ledar goron tana bugun ƙafata. Na tsaida tasi.

Ta ƙofar baya na shiga, na hau sama. Hajja tana kwance baki a buɗe, zufa ta jiƙa matashi. Na kira ta, na girgiza ta, na ce Bakanuwa tashi ga goronki. Ko gezau. Na'urar awon suga tana nan amma tsinkenta ya ƙare tun wancan watan, kullum Abla tana cewa gobe. Ban tsaya neman komai ba, na sauko.

Falon a share, an kunna turaren wuta. Mata biyu da namiji ɗaya suna zaune da takardu, nas ɗin haya tana gefe da farar rigarta. Abla tana tsaye da butar gahawa. A hannun ɗaya daga cikin matan na ga finjali mai ɓalli a baki.

Larabcina na kasuwa ne, amma ya isa. Na ce, "Hajja fauƙ. Ibra sukkar marratain. Ana awwal." Wato Hajja tana sama, an yi mata allurar suga sau biyu, ni na yi ta farko.

Nas ɗin ce ta fara ganewa. Ta dafe baki, ta ruga sama. Namijin ya dubi Abla ya tambaye ta wace ce wannan.

Abla ba ta ko ajiye butar ba. Ta dube ni daga sama har ƙasa, ni da nake sanye da abayarta, ta ce, "Ma a'rifha." Ban san ta ba. Ta ƙara da cewa irin matan nan ne masu bara, suna shigowa ta baya neman abinci, wataƙila ta taɓa kayan magani ba da sanin kowa ba. Sannan, murmushin bai bar fuskarta ba, ta juyo ta ce mini da Hausa, "Kin kashe kanki, 'yar uwa. Ni ban sa ki ba."

Na sha jin zafi a rayuwata, na binne miji, amma ban taɓa jin abin da na ji a lokacin ba. Ba tsoro ba ne. Ji na yi kamar an tuɓe ni a kasuwa. Shekara biyu da rabi ina kwashe kashin tsofaffinta, ina kiranta yaya.

Matar da ke riƙe da finjalin ta ajiye shi, ta tambaye ni a hankali ko na san magungunan gidan. Na zaro makullin daga wuyana na ɗora a kan tebur. Na fara daga gadon farko, suna da magani da adadi da lokaci, har gado na goma sha huɗu, tana bin takarda da yatsa. Ban yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Kafin in gama namijin ya riga ya kira motar asibiti.

A bakin lungu motar ta tsaya, aka fito da Hajja a kan gadon ɗauka. Ma'aikacin motar ya tambayi lokaci da yawan allurar farko, na gaya masa, ya rubuta a bayan safar hannunsa. Na tura ledar goron ƙarƙashin bargonta. Na so in bi su, aka ce in tsaya. Motar da ta zo ɗaukata daban ce.

Ba a dake ni ba, ba a zage ni ba. An tambaye ni na faɗi gaskiya, aka rubuta, aka ɗauki hoton yatsuna goma. Sati biyar na yi a tarhil, inda ake tara waɗanda za a mayar ƙasashensu, cikin mata 'yan uwana Hausawa da ba su ƙirguwa, kowace da labarin motar da ba ta zo ba. Ba ni da waya, ba ni da labarin Hajja. Wannan ne ya fi cina, fiye da zafi da cunkoso. Kullum ina lissafin sa'o'in nan huɗu da ta yi a kwance, da takun nan ashirin da na yi zuwa wajen masu yadi.

Na sauka Kano da abaya ɗaya da silifas. Daga tagar motar Zariya na riƙa kallon garin, ina cewa a raina, Hajja, ga Kanonki, ba ta yi kama da wadda na gina miki ba.

Sai da na kwana uku a gida na samu Mariyama a waya. Hajja tana da rai. Ta farfaɗo a rana ta uku, an mayar da ita gidan, amma magana ta tafi, hannun dama ma ya tafi. Magada sun zo, an yi zama, an ci gidan tara, an ɗauki nas ta gaske guda ɗaya. Abla tana nan a kujerarta. Abin da ta gaya wa magada shi ne wata baƙuwa ce ta yaudare ta da takardun ƙarya. Na ce wannan duk na ji, ba komai. Sai Mariyama ta ce:

"Akwai saura. Ta zauna bakin gadon Hajja ta ce mata ke ce kika yi mata allura biyu kika gudu."

Ban yi barcin kirki ba na tsawon sati. Korar ba ta dame ni kamar wannan ba. Tsohuwar da ta raba goronta da ni tana kwance ba baki, an zuba mata wannan a kunne, kuma ba ni da hanyar komawa in tsaya a gabanta.

Bayan wata biyu wani ɗan Nijar mai zuwa Kano ya kawo mini jakata. Kayana ne a ciki, da galan ƙarami na zamzam, da saƙon baki daga Abla wai a yafi juna, duniya ce. Zamzam na sha, na ba 'ya'yana, don ba nata ba ne. Ɗan Nijar ya tsaya yana jiran amsa. Na ce ya gaishe da Mariyama.

Ran nan na ɗauki waya na yi magana a ciki, na tura wa Mariyama, na roƙe ta ta kara a kunnen Hajja idan Abla ta fita. Ban yi dogon bayani ba. Na ce, "Hajja, Bazazzagiya ce. Sau ɗaya na yi miki, ƙarfe bakwai, na kife finjalinki. Ban gudu ba, kama ni aka yi. Na ga Kano, ta gaishe ki."

Washegari da hantsi Mariyama ta kira. Ta ce tun ranar taftish ta ɓoye finjalin mai ɓalli, da Hajja ta dawo ta ajiye mata shi a gefen gado, da shi take ba ta ruwa. Ta kara mata wayar, Hajja ta saurara har ƙarshe, ta yi alama a sake. Aka sake. Sannan ta miƙa hannun hagu, da ƙyar, ta lalubo finjalin. Da sauran ruwa a ciki. Ta kife shi a kan teburin, ruwan ya zube har ƙasa, ta ɗora tafinta a kai ta danne.

Mariyama ta ce ta yi ta ƙoƙarin ɗaga hannun ta goge wurin, Hajja ta ƙi saki.